Mai Zanen Ƙeya

Ko zaman makoki ba a gama watsewa ba, Ilyasu ya sa aka kawo bokitan farar ƙasa aka jera a ƙofar ɗakin mamacin. A nan Tayyiba ta same su da hantsi, lokacin da ta shigo gidansu na Tudun Wada da kular abinci a hannu. Sai da ta kai tsakar gida sannan ta tuna babu mai ci. Shekara ashirin da ɗoriya ƙafarta ta saba da hanyar nan daga Gyallesu, ita ƙafa kuwa ba a yi mata sanarwar mutuwa. Ta ɗora kular a kan turmi, ta tsaya tana hararar bokitan.

"Yaya, mene ne wannan kuma?"

Ilyasu, babban wansu, yana zaune a gindin darbejiya da carbi a hannu. Tun da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya mai da gidan ofishinsa, komai sai ya yanke masa rana.

"Abin da kika gani. Gobe in Allah ya kai mu zan shafe bangon nan."

"Haba Yaya, ko kabarinsa bai bushe ba."

"Ai saboda kabarin nasa zan yi. Kin san abin da aka faɗa a kan masu zana abu mai rai. Ba zan iya barci ba, ƙanena yana can ana ce masa ya busa rai a abin da hannunsa ya yi."

"Malam da bakinsa ya ce hoto a fuska yake. Ka nuna mini fuska ɗaya a ɗakin nan."

"Malam ya faɗa ne don ya huta da surutun yaro."

Maganar ta taɓa Tayyiba, don ita ma 'yar malamin ce. Amma abin da yake cin ranta daban ne, ba kuma abin da za ta iya faɗa wa Ilyasu ba ne. Tun da aka buɗe ɗakin ranar jana'iza, duk ɗan'uwan da ya shiga sai ya fito yana dariya da hawaye, ya ga kansa a bango. Har mai kawo musu ruwa a kura yana nan. Ita da ta ciyar da mutumin nan da hannunta rabin rayuwarta, ta duba sama ta duba ƙasa, ba ta ga kanta ba.

"Ka ba ni zuwa Juma'a," in ji ta.

Ilyasu ya ja carbi, ya ce to, Juma'a da safe, ba kuma zai ƙara ba.

Mamacin, Kailani, shi ne na tsakiya a 'ya'yan Malam Labaran, wanda ake ɗaukar karatun littattafai a zaurensa. Tun bai kai ya yi azumi ba hannunsa ya fi na manya a rubutun allo. Da ya ɗan tasa sai ya kama zayyana, masu saukar Alƙur'ani suna kawo masa allunansu har daga cikin birni, ya ƙawata musu da tawada baƙa da ja da ruwan ɗorawa. Malam ba mai yabon yaro ba ne a gabansa, amma in baƙi suka zo sai ka ga an jingine wani allon inda ido zai kai. Ana nan, wata rana bayan azahar gyangyaɗi ya ɗauki Malam a zaure, Kailani ya juya allo ya zana shi yadda yake, baki a ɗan buɗe, har da giɓin nan na gefe. Ɗalibai masu gemu suka yi ta ƙunshe dariya. Malam ya farka ya gani. Bai ɗauki bulala ba, da ma ya ɗauka. Ya wanke allon da kansa, a hankali, sannan ya karanta wa yaron abin da zai sami masu yin hoto ranar tsayuwa, bai rage komai ba.

Kailani ya ce, "Malam, to in babu fuska fa?"

Malam ya riga ya miƙe da buta. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Hoto ai a fuska yake." Ya sa kai ya fita.

Abin da yaron ya gani ke nan: ƙeyar ubansa, jelar rawani tana lilo, kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Kafin magariba ya zana shi da gawayi a bayan ɗakin girki. Inna Kulu, mahaifiyarsu, ta zo kwasar itace ta gani, ta riƙe baki ta ce, "La ilaha illallahu, wannan ai Malam ne yana fushi."

Daga ranar Kailani bai sake zana fuska ba, sannu a hankali kuma ya daina kallonta ma. Kana yi masa magana idonsa na kan ƙafarka, ka juya ka tafi sannan ya ɗago. Mutane na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Shi kuwa ya ce ƙarya ne, fuska ta koyi munafunci tun tana goye, ƙeya ce kaɗai ba ta san ana kallonta ba.

Boko bai riƙe shi ba. Ya gudu daga sakandare ya tare a Kwangila wajen masu fentin manyan motoci, yana rubuta Allah Ya Kiyaye Hanya a goshin tirela, yana zana duwatsu da rafi da giginya a bayanta. In direba ya matsa sai an sa masa zaki, sai ya zana masa zaki yana tafiya abinsa, wutsiya ce kawai ta dube ka. Masu aski kam sun samu nasu. Allon Kailani in ya rataya a ƙofar shago, samari layi suke yi, kowa yana nuna ƙeyar da yake so a yi masa. Maɗinka ma haka, saboda babu mai fitar da aikin bayan babbar riga kamarsa. Da ya tsaya a nan, da ya yi gida ya yi mota. Amma wata shekarar zaɓe wani ɗan takarar kansila ya ba shi katangar gidansa ya ce a zana shi, babba, yadda kowa zai gane. Kowa kuwa ya gane. Ga hular a karkace, ga tozon wuyan nan ninki-ninki, ga hannu ɗaya a baya yana ɓoye wani abu. Unguwa ta yi mako tana dariya, yaran ɗan takara kuma suka tare Kailani a lungu suka kumbura masa baki. Da Ilyasu ya je ɗauko shi yana faɗa, sai ya ce, "To Yaya, ni haka na gan shi."

Ba wanda zai ce ga ranar da ciwon ya fara. Inna Kulu ta tafi kabari tana cewa shafar aljanu ce, a wani kango da ya je fenti. Ilyasu ya ce warin fenti ne ya hau masa kai. Tayyiba ba ta taɓa faɗin nata ba, amma in aka zo maganar takan tuna allon nan da aka wanke. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne tafiya ce ta fara kama shi. An yi masa aure da Rauda, yarinya mai haƙuri daga cikin birni, har ta haifi ɗa namiji. Sai ya zama da zafi ya shigo zama ya gagare shi. Yana cikin cin tuwo zai miƙe, hannu ko wankewa bai yi ba. A gan shi a Gyallesu, a gan shi a Kwangila, wani ya ce ya wuce shi a hanyar Dutsen Abba babu takalmi. Ba yawon banza yake ba a ganinsa, mutane yake bi. In wata ƙeya ta burge shi zai bi mai ita duk inda za shi, yana kallon yadda riga take faɗuwa a allon kafaɗa. Wa zai yarda da wannan bayani? A kasuwar Tudun Wada saura ƙiris a kashe shi da sunan ɓarawo, sai da wani mai aski ya faɗa a kansa yana rantsuwa.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya har muryar masu yi ta dushe. Daga baya aka kai shi asibiti aka ba shi wasu ƙwayoyi farare ƙanana. Maganin ya yi aiki, ya zauna, ya yi barci, ya yi ƙiba. Sai dai in ya ɗauki burushi hannun rawa yake, layi ɗaya ba ya miƙewa. Ya kwana biyu yana kallon hannun nan, sannan ya fara tura ƙwayoyin cikin ramin bango. Rauda ta yi iya yinta, babu mai zarginta a gidan har yau. Ranar da ta tashi ta tarar ya fita da jaririn tun asuba, aka samo su a bakin titin jirgi yana nuna masa bayan masu wucewa, ranar ta goya ɗanta ta ce a yafe mata. Kailani yana zaune a bakin gado ya bi ta da kallo har ta fita. Da la'asar aka ga ya zana ta a bangon ɗakin, dab da ƙofa, zane ɗaure a ƙirji, kan yaron ya langaɓe gefe, kunne ɗaya kawai ake gani. Wannan shi ne na farko a bangon.

Bayan tafiyar Rauda ya daina cin abincin kowa, ya ce ana zuba masa abu. Na Inna ma ya ƙi. Tayyiba, autarsu, tana amarya a Gyallesu lokacin, ta kawo masa tuwo da miyar kuka don gwaji, ya cinye tas. Shi ke nan aiki ya same ta. Kullum ta sauke tukunya sai ta zuba nasa a kula ta kamo hanya, da rana da ruwa, da ciki da goyo. Mijinta ya yi ƙorafi har ya gaji, ƙarshe shi yake tuna mata in ta makara. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

To, a cikin shekarar farko ne abin ya faru, abin da ba wanda ya sani sai su biyu. Ilyasu ya gano ramin ƙwayoyin, ya kira Tayyiba gefe ya ce tunda nata kaɗai yake ci, ta riƙa dakawa tana zuba masa a miya. Ta yi. Ta tuɓe takalmi a ƙofa kamar kullum, ta ajiye kwanon, ta zauna. Kailani ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya daɗe yana juya ta a baki. Ta miƙe ta juya za ta fita, sai ta ji abu ya sauka a dokin wuyanta kamar an sare ta. Gwangwanin fenti ne, cike, shuɗi. Ta faɗi a kan gwiwa, jini da fenti suna bin bayanta. Daga bayanta ta ji muryarsa, ba ta ma yi kama da ta mai fushi ba.

"Har ke, Tayyiba?"

Ta ce wa mutanen gida santsi ne ya kwashe ta ta faɗa kan kayansa. Inna ta wanke mata da kananzir da ruwan zafi tana yi wa ɗakin Allah ya isa. Tabon yana nan har yau a ƙarƙashin ɗankwali. Washegari Tayyiba ta dawo da tuwo, babu komai a ciki sai gishiri da daddawa, ba ta kuma sake zuba masa wani abu ba. Ya ci. Amma da ta tashi fita sai ta ji wuyanta ya ƙi juyawa. Ta ja da baya, da baya, idonta a kan hannunsa, har diddigenta ya taɓa dokin ƙofa, ta laluba takalmi da ƙafa. Haka ta yi rannan, haka ta yi kashegari, haka ta yi shekara ashirin da ɗoriya.

Mutanen gida suka gani suka yaba. Inna Kulu takan nuna ta ga jikoki ta ce ku ga ladabi, ko gaban sarki iyakar abin da ake yi ke nan. Matan unguwa suka ɗauka, in ana faɗan 'yan'uwa sai a ce a je a koyi zumunci wurin Tayyiba, wadda ba ta taɓa ba wa wanta baya ba, shi da ba shi da cikakken hankali. Tayyiba takan yi murmushi ta sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsoronsa take ji, tsoro mai kama ta tun daga kwanar gidan, tana kuma ƙaunarsa, ba ta taɓa iya raba ɗaya da ɗaya ba.

Shi kuwa bango ya yi ta cika. Kailani ba ya zane da ka, ya ce tunani maƙaryaci ne, sai abin da idonsa ya gani a ranar. Duk wanda ya leƙo ɗakin ya juya, ya shiga. Ga Malam da buta, ya tsufa, rawanin ya yi masa yawa. Ga Inna Kulu a duƙe tana tattara kwanuka, ƙullin goro a gefen zane. Ga masu ruƙiyya su uku suna rige-rigen fita, ɗaya ya bar takalmi. Wani wuri fentin mota ne mai sheƙi, wani wuri gawayi, wani wuri shuni da jar ƙasa in kayan aiki sun yanke. In ciwon ya tashi zanen yakan yi kaushi, mutane su hau kan juna, wuya ya yi tsawo fiye da kima. In damina ta sauka hankalinsa ya kwanta, sai ka ga ya zauna ya fitar da zaren hula ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowa yawa a bangon shi ne Ilyasu. Yana nan da rigar ofis da siririn wuya, yana nan wuyan ya yi kauri, yana nan furfura ta fito ƙarƙashin hula, yana nan ya fara doro. A kowanne hannunsa ɗaya na kan ƙofa. Ilyasu ba ya shiga ɗakin ya zauna, daga bakin ƙofa yake tambayar lafiya ya juya.

A bazarar bana tafiya ta sake kama Kailani, ga shi ƙarfi ya ƙare. Wani tsohon direba da ya taɓa yi wa fentin mota ya tsince shi a gefen hanyar Dutsen Abba, yana zaune ya jingina da bishiya, numfashi sama-sama. Ya kawo shi gida, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Ilyasu ne ya yi masa wanka. Ya fito idonsa jajir ya ce ya goge ya goge, fentin da ke ƙarƙashin farcen ya ƙi fita, haka aka sa shi a likkafani. Ashraf, jaririn nan na goye, ya zo ta'aziyya daga Kaduna da gemunsa, ya tsaya gaban kunnen nan guda ɗaya ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki bangon kaf a waya ya tura wa dangi. Saboda haka ba ɓacewar zanen ne ya hana Tayyiba sukuni ba. Ta buɗe hotunan a wayar 'yarta ta ja su da yatsa har idonta ya yi ruwa, ba ta nan.

Kwanakin da Ilyasu ya ba ta ba ta zauna ba. Ta ɗora girki ta bar shi ya kama. Ta zo Tudun Wada da safe, ta koma, ta sake dawowa da azahar kamar wadda ta yi mantuwa. Ta hau kujera ta duba saman taga. Ta janye gado, ta leƙa bayan ƙyaure, ta kankare wani wuri da farce ko an zana wani a kan wani. Akwai wata mata mai ɗankwali kore da ta tsaya a kanta har sau uku, tana so ta ce ita ce, amma ta san ƙugun maƙwabciyarsu Sakinatu ne. Ranar Laraba haushi ya kama ta, ta tsaya tsakiyar ɗakin tana magana da gadon da babu kowa.

"Mai ruwa ma ka sa shi. Mai ruwa, Yaya Kailani! Ni da na bar 'ya'yana da yunwa na kawo maka naka da zafi. Ko kare ne ya yi maka wannan zirga-zirgar ai ka zana wutsiyarsa."

Ta san amsar, shi ya sa haushin ya fi ciwo. Mutumin da ba ya zana sai abin da ya gani, yaushe ta ba shi ƙeyar da zai gani? Amma wata zuciyar tana ce mata a'a, ba haka ba ne, bai yafe loman nan ba ne. Ya ci tuwonta shekara da shekaru don yunwa, ya bar ta a waje da gangan. Wannan tunanin ne yake tashinta tsaye ko tana kan sallaya.

Ranar Juma'a Ilyasu ya riga ta zuwa. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya ɗaura burushi a kan gora. Bai yarda a kira masu fenti ba, ya ce aikin ɗan'uwa ne. An fitar da gado da gwangwanaye da tsummokara, ɗakin ya yi faɗi, mutanen bango sun yi yawa, kowa ya nufi ƙofa.

"Kin samu abin da kike nema?" in ji shi. Ashe ya sani.

"Ban samu ba."

"To ki gode wa Allah. Ni da na samu kaina, kin ga na ji daɗi?" Ya nuna bangon da haɓa. "Dubi nan. Dubi can. Ko sau ɗaya babu inda na zauna."

Tayyiba ta dube shi, ta kawar da kai. Ta tuɓe takalmi ta shiga ta kama naɗe tsohuwar tabarmar da ke shimfiɗe daga gaban gado zuwa ƙofa, kada farar ƙasa ta ɓata ta. Tabarmar nan ta fi wasu 'ya'yanta shekaru. Kailani ba ya bari a ɗaga ta, ko shara sai dai ya karɓi tsintsiya ya yi da kansa. Ta manne da daɓen, sai da ta sa ƙarfi. Da ta ɗaga ta, ta ga launi a ƙasa, ta ɗauka fenti ne ya zube. Ta ƙara naɗewa.

Ƙafafu ne. An zana su a kan siminti, bibbiyu, jere daga inda take ajiye kwano har bakin ƙofa, wasu a kan wasu, babu masaka tsinke. Duk yatsunsu suna kallon gado. A ƙafar hagu ta kowanne, ƙaramin yatsa ya hau kan na kusa da shi. Tayyiba ta dubi nata ƙafafun a kan daɓen, ta sake duban na zanen. Ga su da jan lallen amarci. Ga su a kumbure, cikin 'yarta ta fari ke nan. Ga wanda aka ɗaure babban yatsa da tsumma, shekarar da ta yi tuntuɓe a bakin kwata. Ga su da taɓon damina, ga su fata ta fara tattarewa, jijiyoyi sun fito. Na bakin ƙofa fentinsu ko dushewa bai yi ba.

Ilyasu ya jingine gorar. Ya tsuguna, abin da gwiwarsa ta daɗe ba ta yi ba, ya daɗe yana kallo.

"Allahu akbar," in ji shi a hankali. "Kin gani ko? Duk gidan nan ke kaɗai ce kike fuskantarsa."

Ita Tayyiba abin da take gani daban ne. Yatsun nan duk a ƙanƙame suke. Tun daga na lalle har na jiya-jiya, sun dunƙule sun kama ƙasa, kamar na mai tsayuwa a bakin rijiya. Babu guda ɗaya da ya sake. Ashe ya sani. Kullum idon Kailani na ƙasa, yana kallon tsoronta yana shigowa da kwano yana fita da baya, washegari kuma ya sake dawowa. Bai taɓa ce mata ta daina ba, bai kuma gyara mata yatsun a zane don ta ji daɗi ba. Ya zana abin da ya gani, ya rufe da tabarma don kada mutanen gida su gani su daina yabonta.

Kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza ya zo mata a tsaye. Ilyasu bai hana ta ba. Da ta lafa sai ya karɓi tabarmar daga hannunta, ya warware, ya mayar da ita yadda take, ya bi gefe-gefe yana dannawa da tafin hannu.

"Bango na ce zan shafe," in ji shi, bai dube ta ba. "Ba a shafa wa ƙasa farar ƙasa. Je ki, kada ta zubo miki."

Ya tsoma burushi a bokiti. Tayyiba ta ja ƙafa ɗaya baya kamar yadda ta saba, diddige yana neman dokin ƙofa. Sai ta tsaya. Ta dubi inda gadon yake a da, inda siminti ya fi haske. Ta sa hannu ta kwance ɗankwalinta, ta riƙe shi a hannu, iska ta taɓa tabon. Sannan ta juya. Wuyanta ya yi tsami, tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙugu har ƙeya, yatsunta suka nemi kama tabarma ta hana su. Ba ta yi sauri ba. Ta taka a hankali, ta ɗan dakata a bakin ƙofa, yadda ko mai rawar hannu zai samu ya gama kallo, sannan ta sa takalmi ta fita.